Jan Zare a Kusurwar Kati

Shekara ashirin da biyu na yi a ɗakin kati na ƙaramin asibitinmu. Karatuna bai wuce in gane suna da lamba ba, amma ko ido rufe zan zaro maka katin mutum. Da aka zo da maganar kwamfuta, ni na fara cewa a kawo. Ɓera ya cinye rabin kantar ƙasa, rufi yana yoyo, bayana kuma ya gaji da sunkuyo.

Wadda ta ƙi ita ce babbar nas ɗinmu, muna ce mata Goggo. Ta ce ba za ta ba abin da ke mutuwa in batir ya ƙare amanar mutane ba.

Na ce, "Goggo, akwati kike tsoro?"

Ta ce, "Kai da ko sunan matarka ba ka iya rubutawa, kai za ka koya min zamani?"

Goggo tana da dabararta. Akwai wata allura da ake yi wa masu gyambo, wadda jinin wasu ba ya karɓa. Duk wanda ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe bayan an yi masa ita, sai ta ɗinka jan zare a kusurwar katinsa. Ba ta rubutawa. Ta ce mai sauri ba ya karatu, amma yatsa zai ji zare. Mutum goma sha bakwai ne.

Makon da aka zo kwashe bayanai zuwa kwamfuta, Goggo tana gida tana jinyar mijinta. Matar da aka turo tana zura katunan a na'urar ɗaukar hoto, zaren yana maƙalewa.

"Malam, wannan ɗinkin fa?"

"Bari in cire."

Na sa reza na tsinke su duka. Ba ta tambayi ma'anarsa ba, ni ma ban faɗa ba. Kunya na ji kada ta ce asibitinmu shagon tela ne. Da Goggo ta dawo ta tambaye ni zarenta, na ce mata mutanen suna nan a kaina, ba wanda zai wuce ni. Katunan kuwa an ƙone su, don sun ruɓe.

Aka rufe ɗakin kati, aka mayar da ni bakin ƙofa, ina raba lamba ina zuwa aike.

Wata Talata da hantsi aka aike ni sayo man janareta. A bayana wani mai walda ya zo da gyambo, ƙafa ta yi ruwa. Goggo tana ɗakin haihuwa. Sabuwar nas ta buɗe bayanansa, ba ta ga gargaɗin komai ba. Ta tambaye shi ko akwai allurar da ba ta karɓarsa. Ya yi dariya ya ce shi da ƙarfe ma bai kashe shi ba. Ya shekara tara da kumburin da allurar ta taɓa sa shi, ya manta. Sai ta yi masa ita.

Na dawo da jarka na tarar da shi a kan benci, fuska ta kumbura. Kallo ɗaya na yi masa na gane shi, yana cikin masu jan zare. Kafin a samo mota ya cika. Matarsa tana tsaye riƙe da takalminsa ɗaya.

Washegari Goggo ta jawo kujera ta zauna gaban kwamfutar da ta rantse ba za ta taɓa ba. Ta ce wa sabuwar nas, wadda idonta ya yi ja don kuka, "'Yata, share fuskarki. Nuna min inda ake rubuta gargaɗi."

Ta nuna mata. Sannan Goggo ta juyo gare ni.

"Mai Kati, ka ce suna kanka. Zubo su."

Na fara. Matar mai burodi. Direban tanka. Tsohuwa mai sanda biyu. Goggo tana bugawa da yatsa ɗaya, tana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na kawo tara na tsaya. Ita ta tuno biyu. Da mamacin, goma sha biyu.

"Saura biyar," in ji ta.

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Yanzu duk wanda ya zo karɓar lamba sai na tsare shi na tambaya ko an taɓa yi masa allura ya kumbura. Wasu su ce a'a. Yawanci cewa suke yi ba su tuna ba. Sai in kalli fuskar mutum in daɗe, har ya tsargu ya ce, "Lafiya, Baba?" In miƙa masa lambarsa ya shige.