Kazar Gyara

Hansai ta ɗauka aiki a ofishin sayayya na sashen gwajin jiragen saman gwamnati a ƙasar Turawa zai haɗa ta da manyan injuna. Sai ga shi abin da aka fara tura ta saye kaji ne. Wai cusa su ake yi a wata ƙatuwar bindiga a harbi gilashin sabon jirgi, a ga ko zai jure karo da tsuntsu. Bature dai da wasa da abinci!

Ba a tabbatar mata da aikin ba tukuna, kuma daga wannan gwajin za a yanke hukunci. Ita kuwa in dai kaza ce, ta san gidanta. Ta buga wa Wahabu, mahaucinta na titin Rye Lane, ɗan zangon Ghana, ta ce ya haɗa mata masu kyau.

Ranar gwaji ta biya ta ɗauki kwalin. Wahabu ya cusa mata wata leda daban. "Hajiya, wannan gyara ne, naka ne." Tsohuwar kaza ce guda sukutum, mai taurin nan irin ta gida. Tun a jirgin ƙasa Hansai ta gama dafa farfesunta a zuci.

A rumfar gwajin, can bayan unguwar Barking, Injiniya Dalyop, mutumin Jos, ya buɗe kwalin. Wahabu ya yi mata yadda ya saba: ya daddatsa kajin gunduwa-gunduwa, cinyoyi gefe, ƙundu gefe.

"Hansai, kin taɓa ganin cinya tana tashi ita kaɗai?" in ji Dalyop. "Sukutum ake harbawa. Yanzu za a yi cancel."

Ta dubi ledarta. Tsakani da Allah, gyara na mai ciniki ne, ba na gwamnati ba. Amma haka ta miƙa, ranta na ƙuna.

Aka harba, dam! Gilashi ya tsaya ƙyam, Turawa suka hau tafi.

"Za a yi confirming ɗinki ke nan," in ji Dalyop.

Hansai ta ɗauke kai daga farfesunta da ke tsiyaya a jikin gilashi, ta nuna kwalin. "To, waɗannan fa?"

"A'a, kar ki taɓa. Kayan gwamnati ne."