Haƙƙin Murjanatu

"Danna mashi, Arzika. Danna shi yi magana tun da sauran numfashi."

Alhaji Gwadabe ne ke faɗa, yana tsaye a kan ƙanensa Ɗanmusa da takarda a hannu. Arzika mai gyaran rediyo na durƙushe gefen katifa da rikoda a cinya, ransa in ya yi dubu ya ɓaci. Shekara uku ke nan, tun da ciwon hanta ya dawo da maƙwabcinsa Ɗanmusa gida Gummi, shi ke ɗaukar masa shirinsa duk Talata, a ba direba kaset ya kai gidan rediyo a Gusau. Bai taɓa jin nauyin rikodar nan ba sai yau.

Duk mai rediyo daga Anka har Bukkuyum ya san Matankaɗi, shirin da Ɗanmusa ke tankaɗe finafinan Hausa, ya ware gari ya watsar da tsaki. Bakinsa kuwa sai wanda ya ji. Shi ne ya taɓa cewa ya kalli wani fim da ruwan sama ya jiƙa masoya biyu sharkaf, amma akuyar da ke bayansu ko ɗigo bai taɓa ta ba. Magidanta ba sa barin kaset ɗin fim ya shiga gidansu sai sun ji hukuncinsa. To, da zamani ya juya fim ya zama abin kunya, waɗannan magidantan dai su ne suka koma kiransa ɗan fim, kai ka ce shi ke taka rawar. Ranar shiri kuma kowa ya shige ɗaki ya rage murya yana saurare. Munafunci dai ba ya tsufa!

"Ga abin da za ka ce," in ji Gwadabe, yana karanta takardar. "Ni Ɗanmusa ɗan Malam Sabi'u, na tuba da shashancin da na ɓata rayuwata a kai. Shi ke nan. A sa a rediyo, gidanmu shi huta da gori. Gidan allo da tawada, a ce ɗanmu ya mutu ɗan fim?"

Ɗanmusa ya buɗe idanunsa da suka koma rawaya.

"Yaya, tuba ba ta bi ta Gusau. Ubangijina na ji na daga nan." Ya numfasa. "Amma danna, Arzika. Akwai haƙƙi guda bisa wuyana."

Arzika ya danna.

"Jama'a, Ɗanmusa na. Shekara shida da sunka wuce, 'yan wasan Bukkuyum sunka yi fim, shi na na farinsu, shi na na ƙarshe. Akwai yarinya ciki, Murjanatu. Wallahi ta yi da kyau, ta fi duk wanda nit taɓa yabawa. Laifinta guda, ta yi magana da harshenmu na nan, ni ko lokacin so nike Kanawa su ce na waye. Na kwaikwayi maganarta a rediyo ina dariya. Gari yad ɗauka, anka riƙa bin ta da shi har kasuwa, har ta bar fita. Murjanatu, na zalunce ki. Na tuba. Ki yahe mani."

"Kashe abin nan!" Gwadabe ya daka tsawa. "Sunan matar wani a bakinka kana wannan hali?"

Washegari da hantsi Ɗanmusa ya cika. Aka yi jana'iza, mutane maƙil, kowa na cewa Allah Ya yafe masa, da irin muryar da ake yi wa ɓarawon da ya mutu a rami. Gidan rediyon da ya yi wa bauta shekara tara ya ba shi layi ɗaya, tsakanin cigiyar saniya da tallan taki. Arzika ya aika da kaset ɗin kamar kullum, direba ya dawo masa da shi a aljihu. Wai 'yan'uwan mamaci sun riga sun aiko cewa ba su yarda a sa ba.

Bayan addu'ar uku Gwadabe ya zo rumfar Arzika, ya zauna a benci ba tare da an ce ya zauna ba.

"An ce kai gwani na wurin ɗinkin zaren kaset."

Gaskiya ne. Da reza da ɗigon jan farce Arzika kan haɗa zaren da ya tsinke, ko mai kaset ba ya gane wurin.

"To yanke surutun ga da sunan matar ga. Ka bar 'Jama'a, Ɗanmusa na', ka liƙa mashi 'na tuba'. Muryarshi ta, ba ƙarya munka yi ba. Wannan za su sa."

Arzika ya ajiye sukudireba.

"Alhaji, gawa kaka son in sa ta faɗi abin da ba ta faɗi ba? Mutum ya tattara ɗan numfashin da yar rage mashi don shi sauke haƙƙi, kai ko kana neman wanke rawaninka da shi? Shekara uku yana kwance bayan katangar ga, sau nawa kash shigo? Sai da kaj ji mutuwa taz zo kat taho da takarda!"

"Arzika, kana sane da wa kaka magana?"

"Ina sane."

Gwadabe ya miƙe, ya kaɗe riga, ya dubi kwanon rumfar a hankali.

"Wagga rumfa taka, jikin katangar wa take?"

Jikin katangar gidan Malam Sabi'u take, shekara goma sha huɗu, kuma duk Gummi nan aka san Arzika. Ya yi kwanaki yana juya maganar. Ba waliyyi ba ne shi, yana da bakuna bakwai a gida. Sau biyu yana ɗauko reza ya buɗe kaset ɗin a kan tebur. Sau biyun yana mayarwa, yana tsine wa kansa don ya ɗauko ta.

Ranar Alhamis da safe ya tarar an sauke kwanon rumfar an jingine a bakin kwata, rediyoyin mutane a rana. Ya kwashe su ya kai zaurensa, ya ɗaure rikoda a bayan babur, ya kama hanyar Bukkuyum.

Sai da ya yi tambaya wuri huɗu kafin a nuna masa gidan da Murjanatu ke aure. Mijinta, Shitu, manomi ne mai ƙarancin magana. Ya saurari bayanin Arzika a zaure har ƙarshe, ya daɗe yana kallon rikodar, sannan ya shiga ciki. Can sai aka ji an daina daka, an saki taɓarya. Inuwar mace ta tsaya bayan asabarin ƙofa, da goyo a bayanta.

Arzika ya danna. Muryar Ɗanmusa ta cika zauren, da tarinta da hakinta, har tsawar Gwadabe a ƙarshe. Rikoda ta yi ƙas ta tsaya.

Ba wanda ya motsa. Kaza ta shigo ta leƙa ta fita.

"Malam," ta ce daga bayan asabari, "yana da rai?"

"Yau kwananshi tara."

Shitu ya gyara murya. "To ke, kin ji. Ki yahe mashi, ƙasa ta rufe ido nai."

Ta jijjiga goyon.

"Ina zuwa ga wannan," ta ce. "Malam, maido shi baya tukuna. Wurin da yac ce na yi da kyau."

Batir ya yi sanyi. Arzika ya zare kaset ɗin, ya zura biro a ramin, ya shiga juya zaren baya a hankali, ita kuma tana tsaye tana jira.