Miyar da Ta Riga Ta Huce

A birnin Lubek na ƙasar Jamus kowa ya san cika bakin tsoho Bruns mai sayar da tsofaffin littattafai: wai a ba shi shafi uku, zai faɗi shekarar da aka haifi marubucin. Wiebke ta daɗe tana ɗaukar zancen shaci-faɗi. Amma da mahaifinta ya rasu, ta tsinci wani labari a akwatin tafiretarsa, ba suna ba kwanan wata, sai ga ta a shagon. Tafiretar ta kakanta ce mahaifinta ya gada, don haka kowannensu na iya zama mai rubutun. Ita dai fatanta ya zama na kakan. In na mahaifinta ne, ke nan shekara arba'in tana zaune da mutumin da ba ta sani ba.

Bruns ya gyara tabarau, ya yi ta juya takardu yana gunaguni.

"Ina burodin?"

"Wane burodi kuma, Baba?"

"'Yan zamanin kakanki, da suka ga yaƙin duniya na biyu, ba sa cika shafi biyu ba su auna burodi ba. Yunwa ta bi su har cikin alƙalami. Nan kuwa dubi, miyar dankali har ana barin saura." Ya dangwala yatsa. "Yaro na tambayar ubansa me ya aikata a yaƙi, uban sai hura miya yake yi. Wannan ciwon waɗanda aka haifa bayan an ajiye bindiga ne. Arba'in da bakwai, ko da takwas."

A arba'in da takwas aka haifi mahaifinta. Don ta ɓoye damuwarta, ta ce, "To mu fa, me muke rubutawa?"

"Ku? Kanku mana, sai jirgin ƙasa in ya makara."

Ta yi dariyar dole. Shi kuwa ya kai shafin ƙarshe, sai ya ɗaga takardar wajen taga. Tawadar ta fi ta sauran baƙi, alamar an ƙara shi ne daga baya.

"Wannan ban taɓa cin karo da irinsa ba," in ji shi. "Yaron ya tsufa. Ga shi a tebur da 'yarsa ranar Lahadi, yana hura miyar da ta riga ta huce, yana jira ita ma ta tambaye shi wani abu. Ko mene ne."

Wiebke ta tuna Lahadi nawa ta yi a teburin mahaifinta, tana mamakin tsoho mai hura miya mai sanyi, tana ba shi labarin ofis. Kunya da kewa suka rufe ta lokaci guda.

"Ta tambaya?" in ji ta.

Bruns ya juya takardar, bayanta fari fat.

"A nan ya tsaya, 'yata."