Gambar Kan Iyaka

Tun a motar da ta ɗauko su daga Bagwai bayan sallar asuba Muntaka yake lura da Iliyasu. Su goma sha takwas ne, duk 'yan ƙungiyar manoman masara, za su Misra yawon buɗe ido na kwana goma. Kowa sai hira yake yi da dariya, ban da Muntaka.

Gonarsa da ta Iliyasu a manne suke, layin gamba ne kawai ya raba su. Shekara uku ke nan Muntaka yana rantsuwa cewa gambar nan tana matsowa cikin gonarsa, taku ɗaya kowace damina. Gaskiyar magana, Misra ba ta dame shi ba. Ya sa sunansa ne ranar da ya ga sunan Iliyasu a takarda, don hankalinsa bai yarda mutumin zai tafi da gaske ba, gara ya bi shi ya sa masa ido.

A filin jirgin Kano ya tsaya daf da bayansa a layi. A cikin jirgi ma, da Iliyasu ya tashi zuwa bayi, sai da Muntaka ya juya ya raka shi da ido, kamar akwai ƙofar da mutum zai sulale ta baya.

Sun sauka Abuja da hantsi. Malam Zubair, shugaban tafiyar, ya ce za a jira awa huɗu kafin jirgin Alƙahira. Aka kwashi kaya, aka koma wani gini, aka bi layi uku, aka tuɓe takalma aka mayar. Bayan azahar Muntaka ya ɗan gyangyaɗa a kujera. Da ya buɗe ido, babu Iliyasu.

"Malam Zubair, ina maƙwabcina?"

"Ya ce yana zuwa. Ya ɗan jima da fita."

Muntaka ya shiga lissafi. Daga Abuja zuwa gida tafiyar yini guda ce a mota. Ashe dabarar ke nan: a rako shi har nan, a tabbatar ya hau jirgi, sannan a koma a yi yadda ake so da gona har kwana goma.

Ya matsa gefe ya kira babban ɗansa.

"Mudassir, ka saurare ni. Yanzu-yanzu ka ɗauki fartanya ka je gona. Ka tumɓuke gambar nan, ka mayar da ita taku uku cikin gonar Iliyasu."

"Baba, da ranar Allah? Mutane fa suna gani."

"Su gani! Ka yi abin da na ce kafin ya iso."

Ya kashe waya, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi.

Ana kiran fasinjoji sai ga Iliyasu yana haki, hularsa a hannu, babbar rigarsa jiƙe da gumi. Ya miƙa wa Muntaka wata baƙar leda.

"Maganinka na hawan jini, Malam Muntaka. A aljihun kujerar jirgin safe ka bar shi. Na ga ka sa shi a can, ban tuna ba sai da muka zauna nan. Ofis uku aka tura ni kafin a samo."

Muntaka ya karɓi ledar. Matarsa Aina'u ce ta ƙulle ta da hannunta jiya, ya gane ƙullin. Kunya ta kama shi.

Yana tafiya a layi yana kiran Mudassir. Wayar tana shiga, ba a ɗauka. Ya san ɗansa, in zai shiga gona a gida yake barin waya. Sau shida ya kira, na ƙarshen yana zaune a kujerarsa.

"Alhaji, a kashe waya," in ji ma'aikaciyar jirgin.

Kujerar Iliyasu ce kusa da tasa. Jirgin ya fara gudu. Iliyasu ya ɓare goro ya miƙa masa rabi.

"Ka san me na faɗa wa Abdulkabir ɗana jiya? Na ce ko ciyawa kada ya taɓa a kan iyakar nan. In mun dawo, ni da kai mu zauna gaban mai unguwa a gama maganar cikin mutunci. Mun girmi wannan rigimar."

Muntaka ya riƙe goron bai kai baki ba.

"Awa nawa ne zuwa Alƙahira?" ya tambaya.

"Biyar, in ji Malam Zubair. Ka sha maganinka, ka huta."