Baƙin Ɗigo a Tsakiyar Talabijin

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma talabijin ce ta ja mini shi. Sabuwa fil na sayo ta, irin ta bango, don gidan kallon ƙwallona. Sai ga wani baƙin ɗigo a tsakiyarta, ba ya haske, ba ya motsi. 'Yan kallo suna ɗauka ƙwallo ce, su yi ta ihu a banza. Na mayar, mai shago ya ce garanti ba ya aiki sai matattun ɗigo sun kai biyar. Ga wasan ƙarshe ranar Asabar, ga mutanena sun fara komawa gidan kallon Barau.

To a mafarkin, na goya talabijin da zani na tafi ofishin garanti. Ofishin yana cikin rijiya, amma hawa ake yi. Wata tarwada ce a kan tebur, da tabarau, tana shan shayi da cokali mai yatsu.

Ta ce, "Gawa nawa?"

"Ɗaya, ranki ya daɗe."

"Ɗaya ai barci ne. Cika biyar ka dawo."

Sai ga ni a cikin gilashin talabijin ɗin. Ashe gari ne guda. Ɗigo ne ja da kore da shuɗi, zaune sahu-sahu a kan tabarma, ana zaman makokin baƙin nan. Aka miƙo mini gumba. Na yi ta'aziyya, sannan na ce, "Jama'a, ni ban iya kwana-kwana ba. Huɗu nake so su mutu kafin Asabar."

Wani tsohon kore ya ce, "Malam Mati, da na taimaka maka, amma ranar ni ne ciyawar fili."

Wani ja ya ce shi jan kati ne, alƙalin wasa ba zai bar shi ba. Da ƙyar uku suka yarda, su ma don sun gaji da tallan sabulu. Suka kwanta suna ƙyalƙyala dariya, na ƙulle su a bakin zani ina taka rawa.

Da na koma ofis, tarwada ta ƙirga da gashin bakinta. "Da na farko, huɗu. Saura ɗaya." Ta leƙo fuskata. "Baƙin idon nan naka fa? Ai girmansu ɗaya."

Ni ba na jan ciniki. Na ciro na dama na dire mata, ya yi ƙara kamar tsakuwa a kwano. Nan take kwaɗi suka saki kiɗa, aka miƙo mini sabuwa dal a leda.

Asabar ta iso a kan keke. Gida ya cika maƙil, har Barau ya rufe nasa ya zo ya zauna a ƙasa. Kowa sai cewa yake, "Kai, hoto tas!" Ni kuwa rabin fili kawai nake gani, kuma duk ƙwallayen a ɗaya rabin aka zura su. Ihu ya tashi, benci ya karye, ina jan rigar na kusa da ni ina cewa, "Wa ya ci? Don Allah wa ya ci?" Babu wanda ya waiwayo.

Ina cikin tambayar, injin niƙan maƙwabta ya tashi. Na farka, hannuna dafe da idon dama.