Hannun Zalia a Bayan Madubi

Duk unguwar Maamobi an san Hajiya Lariba mai shinkafa da wake ba ta wasa da ladabi. Ka miƙa mata kwano da hagu, kallo ɗaya za ta yi maka ka sake hannu. Sai Allah ya ba ta jika, Zalia, wadda aka sha wuya wajen haihuwarta har ƙwaƙwalwarta ta taɓu, hannun damanta ya dunƙule.

Shekarar yarinyar shida, da hagu take cin abinci, yaran gidan hayar kuma suka hana ta sa hannu a kwanonsu. Abin ya yi wa Lariba ciwo. Ta riƙa dukan hagun da bayan ludayi, wai don daman ya koya. Daman bai koyi komai ba, Zalia dai ta rage ci, ta fara ramewa.

Wata rana uwar yarinyar, Muniratu, ta dawo daga asibiti da sabuwar dabara. Ta tsayar da madubi a kan tebur tsakanin hannuwan Zalia, daman a ɓoye a bayansa.

"Mma, dokta ya ce minti sha biyar kullum. Hagu zai yi aiki, ita kuma tana kallon madubi."

"Hagun kuma za mu ƙara wa ƙarfi?"

"Zo ki gani dai."

Lariba ta leƙa ta kafaɗar jikarta tana gunaguni. A cikin madubin ta ga hoton hagun ya zama hannun dama lafiyayye, yana buɗewa yana rufewa. Ba ta taɓa ganinsa haka ba, sai tausayi ya kama ta. Tun daga ranar ita ke riƙe madubin bayan la'asar.

Bayan wata uku yatsun suka fara saki kaɗan. Ran wata Juma'a aka ajiye tuwon shinkafa a tsakar gida, Zalia ta kai daman cikin kwanon kakarta. Ta gutsuro, lomar ta faɗi a hanya. Ta sake, ta sake faɗuwa. Sai ta janye hannu biyun ta ɓoye a cinya, ga yunwa a idonta.

"Dama ya yi aikin yau," in ji Lariba. "Kawo ɗayan."

Zalia ta ƙi, tana kallon maƙwabta. Lariba ta jawo buta, ta wanke hannunta na hagu sarai, ta gutsuri tuwo da shi a gaban kowa, ta kai baki.