Shaf Mai Kauri a Motar Ottavio

Abin alfaharin Ottavio Lagrotta guda ɗaya ne a duniya, kuma duk garin sun haddace shi har sun gaji: 'yar ƙaramar motarsa Fiat, ƙirar shekarar sittin da uku, ba wanda ya taɓa tuƙa ta sai shi, ba kuma ƙarfen da aka canja mata a bayan idonsa. Ko shekaru biyar ɗin da ya yi yana aikin gini a Jamus, a kan bulo ya ɗora ta a ɗakin jaki, ya rufa mata bargo, ya tafi da makullin a wuyansa.

Ana saura kwana huɗu bikin waliyyin gari, ranar da tsofaffin motoci ke jerin gwano, sai shaf ɗin hagu, sandar nan mai juya tayar baya, ya fara ƙara. Ottavio ya sayo sabo siriri, irin na ƙirarta, ya kai wa Saverio makanike.

Saverio ya shiga ƙarƙashinta, bai jima ba ya fito yana goge hannu.

"Baba Ottavio, wa ya sayar maka da wannan tsinken?"

"Tsinken gidanku! Nata ne sak."

"To ba zai shiga ba. Na jikinta masu kauri ne, na ƙirar sittin da biyar zuwa sama, duka biyun. Har cikin giya an taɓa, don siriri da mai kauri ba sa zama rami ɗaya. Kuma tsohon aiki ne, tsatsar ma ta girme ni."

"Ƙarya kake."

"Ga fitila, leƙa da kanka. In ka kasa tashi na ɗaga ka."

Ya leƙa. Shekara hamsin yana goge bayanta, bai taɓa duba cikinta ba.

A hanyar gida zuciyarsa ta yi ta saƙa da warwara. A wancan zamanin makanike ɗaya ne a garin, Biagio, uban Saverio, wanda ya riga shi neman matarsa Filomena. Aikin giya ba na wuni ɗaya ba ne. Ke nan kwana nawa Biagio ya yi yana shige da fice a gidansa, shi yana can yana ɗaukar siminti a cikin ƙanƙara? Ya tuna yadda Filomena ta share hawaye ranar jana'izar mutumin. Abin kunya, tsoho ɗan tamanin yana kishi da matacce, amma kishin ne.

Ya tarar da ita a ƙofar gida tana jera jan barkono a zare don shanya.

"Filomena, wa ya taɓa min mota ina Jamus?"

Ba ta ɗago ba. "Sai yau ka gani? Sannu da ƙoƙari."

"Biagio ne ko?"

"Biagio?" Ta ajiye allurar. "Da uwarka zaune a bakin ƙofa kamar ɗan sanda? Ko limamin coci bai isa ya tsallake ta ba, balle wancan. Ni ce."

"Ke? Da wane makulli?"

"Waya biyu ce, tsoho, haɗa su ake yi. Shekarar da ka tafi, Rosaria ta kwanta zazzaɓi har tana sanƙarewa, likita kuma sai birnin Potenza. Na sauke motarka daga bulo na kai 'yarka. A dawowa, a gangaren gada, siririn nan naka ya karye kamar rake. Shanun maƙwabcinmu Donato suka jawo mu. Na je wajen masu tsofaffin ƙarafa, suka ce ai an daina siriri saboda karyewa, in ɗauki masu kauri da kayan cikinsu. A bas na taho da su cikin buhun wake. Kwana tara ina kwance a ƙarƙashinta, uwarka tana riƙe min hoton da mai ƙarafan ya zana."

Ta miƙo masa babban yatsanta na dama, wanda farcensa ya tsage tun tuni bai sake daidaita ba. Shi a saninsa lauje ne ya yi mata. Ko da yake, da ya tuna, ba ita ta ce masa lauje ba, shi ya yanke wa kansa.

"Amma lambar tafiyarta ba ta motsa ba," ya ce a sanyaye.

"Na zare wayar lambar. Shekara huɗu ina kai zaitun wurin matsa da ita. Duk garin nan sun sani, har Biagio ɗin naka. Tausayinka suke ji, shi ya sa suke barinka kana cika baki."

Kunya ta lulluɓe shi, ta fi kishin ciwo. Ya zauna a kan dakali.

"Me ya hana ki gaya min?"

"Wasiƙa arba'in da bakwai ka aiko, suna nan cikin gwangwanin biskit. Je ka karanta. Kowace da mota take farawa: a duba bargo, kar ɓera ya shiga kujera. Ni da Rosaria muna can ƙasa, kusa da sa hannu." Ta ɗauki allurarta. "Na yi ta jira ka tambayi yatsan nan, Ottavio. Ashe sai motar ta yi ƙara za ka tambaya."

Ta turo masa kwandon barkonon da ƙafa.

"Riƙe min bakin zaren," ta ce. "Kuma ka gaya wa Saverio ya nemo mai kauri."